Ƙaramin Ninkin Tarayya: Gano Shi ta Hanyar Warware Lamba Zuwa Tubalanta

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan lissafi da ake koyarwa a manyan azuzuwan firamare da kuma farkon ƙaramar sakandare akwai nemo lamba mafi ƙanƙanta wadda wasu lambobi biyu, ko fiye da biyu, za su iya raba ta daidai ba tare da saura ba. Darasi ne da yara kan haddace matakansa su ci jarrabawa, amma idan aka tambaye su dalilin da ya sa aka ɗauki wannan lamba aka bar waccan, sai su yi tsuru-tsuru. Sau da yawa laifin ba nasu ba ne, domin shi ma malamin da hadda ya samo abin. Wannan babi zai yi bayanin yadda ake gano wannan lamba ta hanyar warware kowace lamba zuwa ƙananan lambobin da suka gina ta, tare da nuna wuraren da harshen koyarwa kan sa yaro tuntuɓe.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya kawo lissafi cikin littafin nazarin Hausa. Tun a manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 aka tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa. Hukumomi sun yi ta sauya matsayi a kan batun daga baya, amma abin da ke faruwa a cikin aji bai sauya ba: duk lokacin da bayani ya cije, malamin da ke koyarwa a ƙasar Hausa da Hausa yake warware shi. Haka kuma, a makarantu da dama, wanda ya karanci Hausa a kwaleji shi za a damƙa wa aji sukutum, har da lissafinsa.

2.0 Kalmomin da za a yi aiki da su

Littattafai sun sha bamban wajen fassara kalmomin wannan darasi. Abin da ya kamaci malami shi ne ya zaɓi kalma ɗaya ga kowace ma'ana, ya tsaya a kanta daga farkon zango har ƙarshensa.

Kalma ta farko ita ce ninki. Ninkin lamba shi ne abin da aka samu idan aka riɓanya ta sau ɗaya, sau biyu, sau uku, haka har illa masha Allahu. Ninkin 4 su ne 4, 8, 12, 16, 20, 24, da sauransu. A nan nahawun Hausa ya riga ya yi wa malami rabin aiki, domin maimaita lamba a Hausa yana nuna kasawa daidai wa daida. Yaron da ya taɓa kasa lemo ko tumatir a bakin kasuwa ya san ƙirga huɗu-huɗu da shida-shida. Duk lambar da bakinsa ya faɗa a kanta yayin da yake ƙirga huɗu-huɗu, ninkin 4 ce. Idan aka sa yaro ɗaya ya ƙirga huɗu-huɗu, wani kuma shida-shida, za a ji sun haɗu a 12, sun sake haɗuwa a 24, sannan a 36. Waɗannan mahaɗai su ne ninkin tarayya, na farkonsu kuwa, wato 12, shi ne ƙaramin ninkin tarayya na 4 da 6.

Kalma ta biyu ita ce marabi, jam'i marabai, wadda aka ƙera bisa awon mabuɗi da madubi. Marabin lamba shi ne duk lambar da za ta raba ta ba saura. Marabai na 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Ninki ba ya ƙarewa, kuma ba ya kasa lambar da aka fara da ita. Marabai kuwa ƙidayayyu ne, kuma babu wanda ya fi lambar girma.

Ta uku ita ce lamba gagara-rabo, bisa tsarin harɗaɗɗun sunaye irin su gagara-gasa da gagara-badau. Ita ce lambar da ke da marabai biyu rak: 1 da ita kanta. Waɗanda ke ƙasa da 30 su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23 da 29, kuma guda 25 ne ke ƙasa da 100. Yara kan ɗauka duk lambar da take mara gagara-rabo ce, alhali 9 da 15 da 21 duk mara ne amma suna rabuwa. Ita kuwa 2 cika ce, kuma ita kaɗai ce cika a cikin jerin. Akwai kuma wasu lambobi masu kama da gagara-rabo da kan yaudari har manya, kamar 51 wadda take 3 × 17, da 57 wadda take 3 × 19, da 91 wadda take 7 × 13. Ita 1 ba a lissafa ta cikin gagara-rabo, domin marabinta ɗaya ne tak; za a ga wani dalilin nan gaba. Idan lamba gagara-rabo ta kasance marabin wata lamba, a wannan babi za a kira ta tubalin wannan lamba.

3.0 Warware lamba zuwa tubalanta

Duk lambar da ta wuce 1, ko dai gagara-rabo ce, ko kuma an gina ta ne ta riɓanya lambobi gagara-rabo da juna. Warware ta ba shi da wuya. Ana raba ta da mafi ƙanƙantar gagara-rabon da zai shiga cikinta, a ci gaba da raba abin da ya fito har a kai ga 1. Idan aka ɗauki 60: a raba da 2 a sami 30, a sake rabawa da 2 a sami 15, 2 ba ta shiga 15 ba, sai a koma 3 a sami 5, a raba da 5 a sami 1. Ke nan 60 = 2 × 2 × 3 × 5.

Wani yaron zai fara da 6 × 10, wani da 4 × 15, wani da 5 × 12. Yana da kyau malami ya bar su, ya sa kowa ya ci gaba da farfasa nasa a kan allo. Daga ƙarshe duk za su tsinci kansu da 2 guda biyu, 3 guda ɗaya, 5 guda ɗaya. Ko ta ina aka ɓullo wa lamba, tubalanta ba sa canzawa, sai dai jerinsu. Wannan ita ce ƙa'idar da darasin gaba ɗaya ya doru a kanta, kuma ita ce dalili na biyu na ware 1: da an karɓe ta a matsayin tubali, da 60 ta zama 1 × 2 × 2 × 3 × 5, ta kuma zama 1 × 1 × 2 × 2 × 3 × 5, ba iyaka, ƙa'idar ta rushe. Tushen wannan ilmi tsoho ne. Yuklid, wanda ya rayu a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo ginshiƙansa a kashi na bakwai na littafinsa na lissafi, har da yadda ake nemo ƙaramin ninkin tarayya na lambobi biyu da na uku. Bajamushen nan Carl Gauss shi ya fayyace ƙa'idar da cikakkiyar hujja a 1801.

Akwai wani tuntuɓe na harshe a nan da ya kamata a kula da shi. Akan taƙaita 2 × 2 × 2 a rubuta 2³. Malami mai gaggawa yakan karanta wannan da "biyu sau uku". Amma a Hausa biyu sau uku shida ne, alhali 2³ takwas ne. Yaron da ya rubuta 6 bai yi kuskure ba. Abin da aka faɗa masa ya rubuta. Ya fi dacewa a ce "tubalin biyu guda uku", kuma a bar taƙaitaccen rubutun sai yara sun saba da dogon.

4.0 Gina ƙaramin ninkin tarayya

Hanyar ƙirga ninki har a haɗu tana da kyau ga ƙananan lambobi, kuma da ita ya kamata a fara. Sai dai ba ta da nisan zango. Wanda ke neman mahaɗar 84 da 90 sai ya jera ninkin 84 guda 15 da ninkin 90 guda 14 kafin su haɗu, kuma kuskuren tarawa ɗaya a tsakiya ya isa ya sa su saɓa hanya har abada. A nan ne tubala ke da rana.

A ɗauki 12 da 18. An san 12 = 2 × 2 × 3, kuma 18 = 2 × 3 × 3. Lambar da ake nema dole 12 ta raba ta, saboda haka dole a sami 2 guda biyu da 3 guda ɗaya a cikin tubalanta. Dole kuma 18 ta raba ta, saboda haka dole a sami 2 guda ɗaya da 3 guda biyu. Tambayar ita ce: mene ne mafi ƙarancin tubalan da za su biya wa kowa buƙatarsa?

Misali daga rayuwar gida zai taimaka. Maigida yana jiran baƙi kashi biyu, waɗansu ranar Litinin, waɗansu ranar Alhamis. Baƙin Litinin suna buƙatar tabarma biyu da buta ɗaya. Na Alhamis suna buƙatar tabarma ɗaya da buta biyu. Ba sai ya sayi tabarma uku da buta uku ba, tun da ba rana ɗaya za su zo ba. Tabarmar da aka shimfiɗa wa na Litinin ita za a shimfiɗa wa na Alhamis. Tabarma biyu da buta biyu sun wadatar. Amma in ya rage ko ɗaya daga ciki, akwai baƙon da zai rasa. Haka abin yake ga tubala: a kowane iri, ana duba lambar da ta fi buƙatarsa a ɗauki adadinta. Tubalin 2, mafi yawa guda biyu ne, a cikin 12. Tubalin 3, mafi yawa guda biyu ne, a cikin 18. Saboda haka ƙaramin ninkin tarayya shi ne 2 × 2 × 3 × 3 = 36. Sai dai malami ya tunatar da yara cewa misalin ya tsaya ne a kan zaɓen adadi. Su tubala riɓanya su ake yi da juna, ba tarawa ba.

Bayan an sami amsa, yana da amfani a sa yara su gwada cire tubali ɗaya su ga abin da zai faru. In an cire 2 guda, 18 ta rage, kuma 12 ba ta raba 18. In an cire 3 guda, 12 ta rage, kuma 18 ba ta raba 12. Wannan ɗan gwaji shi ke tabbatar wa yaro cewa 36 ce ƙarama, ba don malami ya faɗa ba.

Yanzu 84 da 90 sun zama abin minti ɗaya. 84 = 2 × 2 × 3 × 7, kuma 90 = 2 × 3 × 3 × 5. Za a ɗauki 2 guda biyu, 3 guda biyu, 5 guda ɗaya, 7 guda ɗaya: 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 = 1,260. A lura cewa 5 ba ta cikin 84, 7 kuma ba ta cikin 90, amma duk an ɗauke su, domin baƙon da ya zo da buƙatar da wani bai zo da ita ba, shi ma sai an biya masa. Lambobi uku ma haka ne. 24 = 2 × 2 × 2 × 3; 36 = 2 × 2 × 3 × 3; 60 = 2 × 2 × 3 × 5. Tubalin 2 guda uku daga 24, tubalin 3 guda biyu daga 36, tubalin 5 guda ɗaya daga 60, wato 8 × 9 × 5 = 360.

4.1 Tarkon da ke cikin kalmar "ƙarami"

Kuskuren da ya fi yawa a wannan darasi daga sunansa yake fitowa. Yaro ya ji an ce ƙarami, sai hankalinsa ya ba shi cewa a kowane tubali adadi mafi ƙanƙanta zai ɗauka. A 12 da 18 sai ya ɗauki 2 guda ɗaya da 3 guda ɗaya, ya sami 6. Abin da ya samo kuwa ba shirme ba ne. Amsar wata tambaya ce dabam. Shida ita ce lamba mafi girma da ke raba 12 da 18 duka, wato babban marabin tarayya. Ga inda rikicin yake: wanda ake kira ƙarami ana gina shi da adadi mafi yawa, kuma ba ya kasa babbar lambar da aka bayar, wanda ake kira babba ana gina shi da adadi mafi ƙaranci, kuma ba ya wuce ƙaramar lambar da aka bayar. Suna yana ja gabas, aiki yana ja yamma.

A nahawunce, sifar "ƙarami" tana bayyana ninki ne, wato ƙarami a cikin ninkoki, kamar yadda ƙaramin giwa ya fi babban ɓera. Malami zai rage wannan ruɗani idan ya jinkirta faɗin sifar. Ya fara tambayar yara: ninki ake nema ko marabi? In ninki ne, amsa ba za ta kasa 18 ba, don haka 6 ta faɗi tun kafin a duba aikin. Wasu malamai kan kira shi mahaɗar farko a makon farko, su kawo cikakken sunan daga baya, kuma dabara ce mai kyau. Koyar da darussan biyu a rana ɗaya, kamar yadda wasu tsare-tsaren aiki ke jera su, bai cika haifar da ɗa mai ido ba.

Kuskure na biyu shi ne riɓanya lambobin kai tsaye: 12 × 18 = 216. Lalle 216 ninkin tarayya ce, amma ba ƙarama ba, domin an ƙirga tubalan da lambobin suka yi tarayya a kansu sau biyu. Maigida ya sayi tabarma uku da buta uku. Tubalan tarayyar su ne 2 × 3 = 6, kuma in aka raba 216 da 6 sai 36 ta fito. Wannan ya ba da hanyar duba aiki: ga lambobi biyu, ƙaramin ninki sau babban marabi daidai yake da lamba ta farko sau ta biyu. Amma ga lambobi biyu kawai. Wanda ya gwada ta a kan 24, 36 da 60 zai raba 51,840 da 12 ya sami 4,320, alhali amsar 360 ce. Riɓanyawa kai tsaye tana ba da amsa daidai ne idan lambobin ba su haɗa tubali ko ɗaya ba, kamar 8 da 15, waɗanda mahaɗarsu ta farko 120 ce.

5.0 Inda ake buƙatarsa

A cikin aji, babban amfanin darasin shi ne tara ɓangarorin lamba masu mabambantan ƙasa. Ba a tara 5/12 da 7/18 sai an mayar da su awo ɗaya. Da 36, na farko ya zama 15/36, na biyu 14/36, jimla 29/36. Yaron da bai riƙe wannan darasi ba, ɓangarori za su yi ta ba shi wahala har ƙarshen sakandare.

Lissafin kwanaki ma yana cike da shi. Mutanen Akan na ƙasar Gana suna da zagayen kwana shida da na kwana bakwai. Tun da 6 da 7 ba su haɗa tubali ba, sai bayan kwana 42 suke komawa mafari tare, kuma a kan wannan zagaye ake yin bikin Akwasidae a Kumasi. A tsohon lissafin shekaru na ƙasar Sin kuwa ana gwama jeri mai suna 10 da jeri mai suna 12, zagayen ya cika a shekara 60, ba 120 ba, domin 10 da 12 sun yi tarayya a tubalin 2. Misalan biyu tare suna nuna wa yaro bambancin da tubalin tarayya ke kawowa.

Amma misalin da ya fi kusa da ɗalibin ƙasar Hausa shi ne rabon gado. Malaman wannan fanni sun daɗe suna wannan lissafi da sunan fitar da asalin mas'ala. Ƙayyadaddun kasonni shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, waɗanda lambobin ƙasansu su ne 2, 4, 8, 3, 3 da 6. Idan mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda, matar tana da tumuni, uwar tana da sudusi, abin da ya rage na ɗan ne. Ana buƙatar lambar da za a iya fitar mata da kashi ɗaya cikin 8 da kashi ɗaya cikin 6 ba tare da gutsure ba. Tun da 8 = 2 × 2 × 2, kuma 6 = 2 × 3, asalin mas'alar shi ne 2 × 2 × 2 × 3 = 24. Mata ta sami 3, uwa 4, ɗa 17. Idan abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 2,400,000 ne, kowane kaso ɗaya naira 100,000 ke nan: mata 300,000, uwa 400,000, ɗa 1,700,000. Wanda ya yi aiki da 48 zai isa ga kuɗi ɗaya da wannan, sai dai da lambobi manya. Wanda ya tara 6 da 8 ya ɗauki 14, ko ya tsaya a 12, ba zai iya fitar da tumunin matar cikakke ba.

Malaman gado suna duba dangantakar kowace lamba biyu ta fuska huɗu, kuma kowace fuska tana da fassara a harshen tubala. Tamasuli shi ne lambobin su zama iri ɗaya, kamar 6 da 6, sai a ɗauki ɗaya. Tadahuli shi ne ƙaramar ta shige cikin babbar, kamar 3 da 6, sai a ɗauki babbar, domin duk tubalan ƙaramar suna cikinta. Tabayuni shi ne ba su haɗa komai ba, kamar 3 da 4, sai a riɓanya su a sami 12. Tawafuƙi kuwa shi ne su yi tarayya a wani marabi ba tare da ɗaya ta shige cikin ɗaya ba, kamar 6 da 8 da suka dace a rabi; sai a ɗauki rabin ɗaya a riɓanya da ɗayar, 3 × 8 = 24, wanda shi ne cire tubalin da aka maimaita.

Haka kuma tubala suna bayyana abin da ɗalibin gado kan haddace ba tare da an gaya masa dalili ba, wato cewa asalan mas'aloli, kafin a zo batun auli da gyaran kaso, bakwai ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Duk lambobin ƙasan kasonnin nan shida da tubali iri biyu kawai aka gina su, 2 da 3. Tubalin 2 bai wuce guda uku ba, a cikin 8. Tubalin 3 bai wuce guda ɗaya ba. Daga 2 kaɗai ana samun 2, 4 da 8. Daga 3 kaɗai ana samun 3. Idan aka gwama su ana samun 6, 12 da 24. Babu ta inda 5 ko 7 ko 9 za su shigo, kuma babu yadda asali zai haura 2 × 2 × 2 × 3. Malamin da ke da ɗalibai masu zuwa makarantar Islamiyya da yamma zai iya rubuta lambobin nan 2, 3, 4, 6 da 8 a kan allo, ya sa su nemo ƙaramin ninkin tarayya na kowane biyu daga ciki, sannan su ƙirga amsoshi nawa mabambanta suka fito.